Kwana huɗu da loka a kulle

Yau na tarar da wata ɗalibar musaya 'yar shekara 16, wadda ta zo karatu daga wata ƙasa, tsaye gaban lokarta, wato akwatin ajiye littattafai mai kwado, a wata sakandare nan Amurka, an riga an kaɗa ƙararrawa. Kwana huɗu ke nan tana sungumar littattafanta duka, kunya ta hana ta tambaya. Lambobi ukun da ake buɗe kwadon da su na rubuce a tafin hannunta, juyin kwadon ne ba wanda ya nuna mata. Dama sau uku, a tsaya kan ta farko. Hagu zagaye guda cur, a wuce ta farkon, a tsaya kan ta biyu. Sai dama zuwa ta uku. Zagayen hagun take tsallakewa.

Da ƙofar ta buɗe, ta sauke jaka, ta yi ajiyar zuciya. Ina ta tunanin sauran abubuwan da ta kasa tambaya.