Watana na takwas da tangaran mai ganyen shayi: na daina fara duba ganyen

'Yan'uwa masu koyo, ga inda na kwana. Wata takwas ke nan da na sayi farantina na farko a wani shagon gwanjo a jihar Ohayo ta Amurka, fari sol, mai nauyi, da zobe mai ruwan jan ƙarfe a bakinsa da ɗan reshe mai ganye uku a tsakiya. Yanzu ina da guda goma sha ɗaya, kuma sai a watan nan na gane cewa wata shida na yi ina kallon abin da bai kamata in fara kallo ba.

Ga waɗanda suka shigo daga baya: wannan tangaran shi ne wanda Turawa ke kira ironstone. Charles James Mason ne ya yi masa rajista a 1813 a yankin Staffordshire na Ingila. Mu a gida faɗi-ka-mutu muke ce wa irin waɗannan kaya, amma wannan yana da taurin rai, shi ya sa manoman Amurka suka rungume shi tun daga shekarun 1840. Zanen ganyen shayin kuwa, Tea Leaf, ana danganta farawarsa ga Anthony Shaw a shekarun 1850, aka yi ta yin sa har farkon ƙarni na 20.

Kuskurena shi ne na ɗauka ganyen ne zai gaya mini wanda ya yi kwanon. Da hannu ake zana shi, wani ganyen ya yi ƙiba, wani ya rame, ko a masana'anta ɗaya. Na yi ta ɗaukar hoto ina jerawa har idona ya gaji. Ashe su masu tara kayan nan jikin kwanon suke fara dubawa, kuma kowane fasali da sunansa.

Abin da nake yi yanzu, in na ɗauki butar shayi ko mazubin sukari, sai in rufe ganyen da babban yatsana in dubi mariƙi da ɗan abin da ake ɗaga murfi da shi. A nan sirrin yake. In mariƙin yana da gaɓa-gaɓa kamar gora, jikin kuma mai kusurwa huɗu ne, to Bamboo ke nan, wanda Alfred Meakin na garin Tunstall ya yi da yawa. In ƙarshen mariƙin ya lanƙwashe kamar ƙugiyar kamun kifi, Fishhook ne, shi ma na Meakin. Cable jikinsa a zagaye yake, da adon igiya murɗaɗɗiya a kan murfi da mariƙi. Wannan Cable ɗin shi ya koya mini hankali, domin Shaw ya yi shi, Thomas Furnival ya yi, Henry Burgess ma ya yi. Haka Bamboo, akwai na Grindley. Wato fasali yana rage maka yawan waɗanda za ka zata, sauran aikin na hatimin gindi ne.

Fasalin yana kuma nuna zamani, ko da a gurguje. Na shekarun 1840 da 1850 masu ɓangare-ɓangare ne, shida ko takwas, kamar an fafe su da wuƙa. A shekarun 1860 jiki ya koma zagaye da tsirrai da suka ɗan taso a fata, irin Lily of the Valley na Shaw, ko Ceres mai zangarniyar alkama wanda Elsmore & Forster suka yi wa rajista a 1859. Masu kusurwa huɗu marasa ado su suka cika kasuwa daga shekarun 1880. Ni dai Ceres ya fi kwanta mini a rai, sai dai har yau a bayan gilashi kawai nake ganinsa, aljihuna bai kai ba.

Yanzu ga abin kunyar. Mazubin sukarin da na yi ta yabo a watan jiya, ashe haɗe-haɗe ne. Jikin Bamboo ne, murfin na Fishhook. Ya zauna daram, shi ya sa ban yi zargi ba, kuma ba na jin mai shagon ma ya sani. Ranar da na ajiye shi a hasken taga na ga farin murfin ya ɗan fi na jikin duhu, na dubi mariƙin gefe na ga gora, na dubi na sama na ga babu gaɓa ko ɗaya. Ban mayar ba. Yana nan a kan tebur, ina zuba dabino a ciki.

A kan hatimi na ɗan ci gaba. Alamar rajistar fasali ta Ingila mai siffar lu'ulu'u an yi amfani da ita daga 1842 zuwa 1883, da lamba IV a samanta ga kayan yumɓu. Harafin shekara yana sama har 1867, daga 1868 ya koma gefen dama. Misali, harafin M na nufin 1859 a tsarin farko. Amma ku lura, ranar rajistar fasalin ce, kwanon kansa mai yiwuwa an gasa shi shekaru bayan haka. Daga 1884 lamba zalla ake sawa bayan Rd No. Kalmar England kuma galibi tana nuna 1891 zuwa sama, saboda dokar harajin McKinley ta Amurka ta 1890 da ta tilasta rubuta ƙasar da kaya suka fito. Wanda aka rubuta Wedgwood & Co. a gindinsa, kamfanin Tunstall ne, daban da gidan Josiah Wedgwood da kowa ya sani. Nan ma na kusa zurmawa. Mai hatimin Red Cliff kuwa sabon yi ne na tsakiyar ƙarni na 20, don haka kar a biya shi kuɗin tsoho.

Ƙyallin nan da muke kira ruwan jan ƙarfe, da zinariya ake yin sa. Ana narkar da ita a shafa siriri a kan launin ƙasa-ƙasa, sai ta fito ja-ja bayan gashi. Tunda a saman santsin yake, goga yana cinye shi, ya bar ƙasa-ƙasan kaɗai. Faranti biyu nawa haka suke, kuma na daina ganin hakan aibi. Ruwan ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi nake sa musu. Bilicin wanki kam ko kusa, yana shiga ta tsage-tsagen fata ya ɓata jikin daga ciki.

Aikin watan gobe shi ne zanen da ba ganyen shayi ba amma dangi ne: Teaberry na Clementson, da Morning Glory da Pepper Leaf na Elsmore & Forster. Akwai wani kofi marar mariƙi da na gani ranar Asabar, gindinsa babu hatimi ko kaɗan, jikinsa ɓangare-ɓangare. Na zana fasalinsa a littafina, zan koma da ma'auni in ƙirga ɓangarorin, in har ba a riga ni ba.