Ƙanina, wayarsa, da masu neman ƙwaya

Makon jiya ƙanina ya shigo gida bayan magariba fuska a murtuke. Wai a adaidaita sahu aka tare su, wasu mutane ne cikin kayan gida suka ce kowa ya sauko ana neman masu ƙwaya, aka laluba aljihunsa ba komai sai canjin ɗari biyu da makullin shago, sai ɗaya ya ce buɗe wayarka. Ya buɗe. Mutumin nan ya tsaya a gefen titi yana karanta hirarsa ta WhatsApp har da wadda yake yi da yarinyar da zai aura, yana wani murmushi, sannan ya miƙo masa ya ce wuce. Ya ce min "Yaya wallahi gara ya mare ni." Hajiya kuwa daga kan darduma cewa ta yi ai gara haka, ba ka ga yadda ƙwaya ta cinye yaran unguwar nan ba?

To gaskiya Hajiya ba ƙarya ta yi ba. Duk wanda ya leƙa kwata a unguwarmu kafin 2018 ya san kwalaben kodin, sai da BBC ta fitar da rahoton nan sannan gwamnati ta hana shi a watan Mayu, amma tiramol da rochi da wiwi suna nan daram. Binciken da aka yi a 2018 da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya ce mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya. Tun da Buba Marwa ya karɓi hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA a 2021 kuma ana ganin kame, ba ni da ja a kan wannan, dillalan nan ba da kalangu suke ciniki ba, da waya suke yi, dole a bi su ta waya.

Abin da ke damuna shi ne wa ke duba masu dubawar. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gidanka da wasiƙunka da hirarka ta waya, ƙarara aka rubuta. Ƙa'idar da hukumar sadarwa ta NCC ta fitar a 2019 kan sauraron kiran mutane ta ce sai an samo izinin alƙali, in kuma gaggawa ce a fara sauraro amma a nemi izinin cikin awa 48. Da kyau a takarda. Amma rahoton shekara na wayoyin da aka saurara wajen Antoni Janar ake kai shi, wato gwamnati ce ke ba gwamnati labarin abin da gwamnati ta yi, ni da kai ba ma gani. Ga dokar laifukan intanet ta 2015 da ta sa kamfanonin waya su ajiye bayanan kiranmu shekara biyu, ga NIN da aka ɗaure wa kowane layi, ga sama da naira biliyan 4.8 da aka sa wa hukumar leƙen asiri ta NIA a ƙarin kasafin 2021 don bibiyar WhatsApp da wayar tauraron ɗan adam ta Thuraya, majalisa ta amince aka wuce, ni dai ban taɓa jin ɗan majalisarmu ya tashi ya tambayi layi nawa aka saurara ba, mutum nawa aka kama da hakan.

Kuma a tuna Fabrairun 2022, lokacin da NDLEA ta fitar da bidiyon babban jami'in ɗan sanda Abba Kyari tana zarginsa da hannu a harkar hodar iblis. Shi ne fa ya jagoranci IRT, rundunar 'yan sandan da ta yi suna wajen bin sawun masu garkuwa da mutane ta waya. Shari'a aikin kotu ne, ba nawa ba, amma ranar na zauna ina tunanin irin na'urorin da ke hannun irin waɗannan rundunoni da kuma wa ke riƙe da littafin da ake rubuta wanda aka bibiya.

Ƙanin nawa dai yanzu ya koyi sabon hali, kullum kafin ya fita sai ya goge hirarsa tas. Ita kuma yarinyar ta ga saƙonninta ba sa nan, jiya har kusan sha biyu ina jin sa a zaure yana rantse-rantse.