Tafiyata Neman Shawara a Kan Tiyatar Ɗaure Tumbi

Likitan da ke duba ni saboda ciwon suga da hawan jini shi ne ya rubuta mini takardar zuwa wani babban asibitin koyarwa mai nisa, bayan na daɗe ina damun sa da maganar zoben da ake ɗaura wa tumbi domin rage ƙiba. Na shiga jirgin ƙasa da asuba da takardun gwaje-gwajena a jaka, zuciyata kuma ta riga ta karkata ga wannan aiki, domin na ji cewa ba a yanke komai daga jikin tumbin, kuma ana iya cire zoben idan buƙata ta taso. Hanyar ta yi mini tsawo ƙwarai. Kujera ta matse ni, ƙafafuna suka kumbura tun ba mu yi rabin tafiya ba, da muka sauka kuwa sai da na tsaya a tsakiyar matakalar tasha kafin numfashina ya daidaita.

Washegari a ɗakin jira na zauna kusa da wata dattijuwa da aka sa wa zoben shekarun baya. Da ta ji abin da ke tafe da ni, sai ta ce, "Kawo hannunki, 'yata." Ta ɗora yatsuna a kan cikinta, na ji wani abu mai tauri kamar maɓallin riga a ƙarƙashin fata. Ta wannan wuri ake soka allura a ƙara ruwan gishiri zoben ya matse, ko a zuƙe shi ya saki. Ta yaba da nauyin da ta rage, amma ba ta ɓoye mini cewa loma guda ta nama mai tauri da ba ta tauna sosai ba takan tsaya mata a ƙirji har sai ta amayar da ita. A ranar ma sassautawa ta zo a yi mata.

Da aka kira ni, aka auna nauyina da tsayina aka fitar da ma'aunin BMI, wato lissafin da ke nuna yawan ƙiba ta hanyar kwatanta nauyi da tsayi, wanda nawa ya haura 35. Likitan tiyatar ya bayyana mini cewa tun 1991 ƙa'idar da aka fi bi kafin a yi wa mutum tiyatar ƙiba ita ce BMI ya kai 40, ko 35 idan akwai wata cuta mai nasaba da ƙiba, sai a 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauto da ita zuwa 35, ko 30 ga masu irin ciwon suga. Ke nan na cika sharaɗin tiyata. Sannan ya miƙo mini samfurin zoben, na juya shi a hannuna: farar roba ce ta silikon mai laushi, da siririn bututu a jikinta. Ana shigar da shi ta ƙananan huji da taimakon kyamara, a zagaye saman tumbi da shi, a bar ɗan ƙaramin aljihu da ke cika da abinci kaɗan.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi yi mini amfani, kuma ina ganin duk mai wannan niyya ya kamata ya nemi a faɗa masa shi dalla-dalla. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan zobe mai suna Lap-Band a 2001, ya yi farin jini na wasu shekaru, amma yanzu kaɗan ne ke zaɓar sa, tiyatar da ake cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi ta karɓe gaba. Dalili kuwa, zoben yakan zame daga wurinsa, yakan ci jikin tumbi, bututun yakan yi yoyo, mutane da yawa kuma sukan koma a sake yi musu aiki ko a cire shi gaba ɗaya. Nauyi ma a hankali yake sauka, kuma abin sha mai zaƙi wucewa yake yi ba tare da zoben ya tare shi ba.

Sai ya dube ni ya ce, "Malama, wannan hanyar da kika biyo, za ki iya yawan bin ta?" Gyaran farko na matse zoben yakan zo ne bayan mako 4 zuwa 6, wasu su biyo baya akai-akai a shekarar farko, kuma idan zoben ya zame har ruwa ya ƙi wucewa, gaggawa ake yi ba a jira. A inda nake zaune babu mai yin wannan gyara. Ga kuma ƙwannafin da ke tashe ni da dare, wanda ya ce zoben zai iya tsananta shi.

Na bar asibitin ba tare da na sa hannu a kan takardar tiyata ba. An tsara za a leƙa tumbina da na'ura saboda ƙwannafin, a gwada numfashina a lokacin barci, sannan likitan tiyatar ya rubuta wa likitana cewa a duba yiwuwar ɗora ni a kan allurar rage ƙiba mai suna Wegovy, wadda aka amince da ita a Amurka a 2021. Idan sakamakon ya fito zan sake komawa mu tattauna a kan sauran nau'o'in tiyatar, domin zoben dai na cire shi daga lissafina.