Abin da Musu a Kan Finafinan Yaƙi Ya Koya Mini

A shekarar da na ɗauki darasin nazarin fim, aikin farko da aka ba mu shi ne kowa ya zaɓi fim ɗaya na sojoji ya rubuta sharhi a kan yadda ya dace da gaskiya ko ya kauce mata. Na karɓi aikin da murna, domin na daɗe ina karance-karance a kan makamai da dabarun yaƙi, kuma ina cikin masu tsayar da fim a tsakiya su koma baya don su ƙirga harsasan da jarumi ya harba. Na shafe kusan mako biyu ina kallo ina rubutu, har na tara kurakurai sama da ashirin, kowanne da hujjarsa.

Har yau ina nan a kan cewa hujjojin nan daidai ne. Gidan harsashin bindigar AK-47 da aka fi sani yana ɗaukar harsashi 30, bindigar kuma tana iya fitar da kimanin 600 a minti ɗaya, saboda haka wanda ya danne kunama bai saki ba zai ƙarar da abin da ke ciki a daƙiƙa 3, alhali jarumin fim yakan yi ta ɓarin wuta har ya gaji bai canja gida ba. Gurnetin hannu yana fashewa ne bayan daƙiƙa 4 zuwa 5, kuma ɓarnarsa tana cikin ɓaraguzan ƙarfen da yake watsawa. Ƙatuwar wutar da ake gani tana tashi sama a fim, masu shirya fim ne suke haɗa ta da fetur don ta cika ido. Harsashi ba ya ɗaga mutum ya yi jifa da shi baya, domin da yana da wannan ƙarfi, da mai harbin ma ya faɗi. Na'urar rage ƙarar bindiga tana sassauta ƙarar ne kawai, ba ta mayar da ita raɗa. Tauraron ɗan'adam mai ɗaukar hoto daga kusa yana zagaye duniya a kimanin minti 90, saboda haka ba zai tsaya cak a kan wani gida na sa'o'i yana nuna wa janar-janar wanda ya shiga da wanda ya fita ba.

Da malaminmu ya dawo mini da takardar, bai soke ko ɗaya daga cikinsu ba. Ya kira ni ne ya ce, "Duk abin da ka rubuta gaskiya ne. To amma in aka gyara su duka, wanne ne zai canja abin da mai kallo zai tafi da shi gida?" Na ce, "Malam, ai kuskure kuskure ne." Ya ce in je in sake tunani, in kuma saurari wani ɗan ajinmu kafin in sake rubutu.

Wannan ɗan aji dattijo ne da ya yi shekaru a aikin soja kafin ya yi ritaya ya dawo karatu, kuma saboda shekarunsa duk muna kiransa Baba. Na yi zaton shi ne zai fi kowa tsananta wa masu fim, sai na tarar ya fi ni yi musu uzuri. Na kawo masa maganar yadda sojoji suke tafiya a cunkushe a fim, kafaɗa da kafaɗa, alhali ana horar da su su bar tazarar mitoci da dama tsakaninsu don kada gurneti ɗaya ya ɗebe su duka. Ya ce, "Haka ne, ɗana. Amma in suka warwatsu yadda muke warwatsuwa, kyamara za ta kama mutum ɗaya ne da daji. Wa zai san wane ne wane?" Ya ƙara da cewa dare a fagen fama duhu ne na gaske, wanda in aka ɗauke shi yadda yake, baƙin allo kawai mai kallo zai gani. Daga nan na fara gane cewa akwai kaucewar da sana'ar kanta take tilastawa, wadda darakta yake yi da saninsa don mai kallo ya bi labari. Ƙarar fashewa ma haka take. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, saboda haka bam ɗin da ya tashi a nisan kilomita ɗaya sai bayan kusan daƙiƙa 3 za a ji shi, amma yawancin finafinai suna haɗa gani da ji a lokaci guda, domin mai kallo zai ɗauka na'ura ce ta sami matsala. Na ci gaba da jin daɗin fim ɗin da ya yi ƙarfin halin barin wannan tazara, sai dai na daina lissafa rashinta a matsayin laifi.

Inda Baba ba ya sassautawa shi ne inda fim ya karya dokar da shi da kansa ya kafa. Idan tun farko labari ya nuna cewa mutanen nan an yi musu ƙawanya, harsasansu sun kusa ƙarewa, kuma duk fargabar mai kallo ta rataya a kan haka, to daga wannan lokaci ƙirga harsashi ya zama haƙƙin mai kallo, domin fim ɗin ne ya ce masa ya ƙirga. In can gaba jarumi ya yi ta harbi babu iyaka, an ci amanar wanda ya zauna yana fargaba. Haka kuma idan an ce jirgin yaƙi na ƙarƙashin teku yana ɓuya ne, rayuwar mutanensa ta dogara ga yin shiru, sai kuma kwamanda ya riƙa aika sautin neman abokin gaba babu dalili, wanda kowane ma'aikacin irin wannan jirgi ya san tallata wurin da kake ne, to an rushe ginshiƙin labarin. Kuskure iri ɗaya yana iya zama ba komai ba a wani fim, ya zama babbar ɓaraka a wani, gwargwadon abin da labarin ya jingina a kansa. Wannan ma'auni ya rage jerin nawa ƙwarai, kuma ya sa na fara karanta tsarin labari kafin in duba bindiga.

Abin da ya fi daɗewa a raina ya zo ne a makon da ajinmu ya kalli Black Hawk Down, fim ɗin Ridley Scott na 2001, wanda aka gina a kan faɗan Mogadishu na ranakun 3 da 4 ga Oktoba 1993. Sojojin Amurka sun shiga birnin don kama wasu manyan mataimakan Janar Mohamed Farah Aidid, jagoran wani ɓangaren mayaƙan Somaliya, aikin da aka tsara zai ɗauki kamar sa'a ɗaya, sai aka harbo jiragensu masu saukar ungulu guda 2, faɗa ya kwana, sojojin Amurka 18 suka mutu. Ta fuskar kayan aiki, da wuya ka sami abin kushewa. Ma'aikatar Tsaron Amurka ta ba da jirage na gaske da matuƙansu, ƙarar harbi da ruɗanin rediyo sun fito da kyau, har fim ɗin ya ci kyautar Oscar ta sauti da ta tace hoto. Muhawarar da muka fara a aji ta tsaya a kan ƙananan abubuwa, kamar sunayen da aka rubuta a kan hulunan kwanon sojoji don mai kallo ya bambance su. Mun ɗauki lokaci mai tsawo a kan wannan, kowa yana nuna iyakar saninsa.

Sai wata ɗaliba ta tambaya, "Malam, 'yan Somaliya nawa ne suka mutu a wannan dare, kuma sunan mutum nawa daga cikinsu muka ji?" Ajin ya yi tsit. Ɗaruruwan 'yan Somaliya ne suka mutu, cikinsu har da mata da yara da faɗan ya rutsa da su a unguwanninsu, amma a fim sun fito galibi a matsayin taron da ke kwararowa ana harbewa, babu suna, babu dangi, babu bayanin abin da ya kai su ga wannan fushi. An ɗauki fim ɗin a Maroko, kuma waɗanda suka fito a matsayin 'yan Somaliya galibinsu ba 'yan Somaliya ba ne. Ayarin da ya je ceto cikin dare ya ƙunshi motocin sulke na sojojin Malesiya da tankokin Pakistan waɗanda ke aiki ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, har sojan Malesiya ɗaya ya rasa ransa, amma rawar da suka taka ta fito a taƙaice ƙwarai, abin da ya ɓata wa mutanen ƙasashen biyu rai.

Ni da na iya gane samfurin bindiga daga nesa, ban lura da ko ɗaya daga cikin wannan ba sai da aka faɗa. Na kuma fahimci dalili. Daidaiton kayan aiki yana sayen amincewar mai kallo: idan kakin soja daidai ne, jirgi na gaske ne, kalmomin rediyo sun zauna, zuciya takan saki jiki ta karɓi sauran labarin ba tare da bincike ba. Ma'aikatar Tsaron Amurka tana da ofishin da ke hulɗa da masu shirya fim, kuma sananne ne cewa kafin ta ba da jirage ko sansani takan karanta rubutun labari ta nemi gyara inda ba ta gamsu ba. Ma'anar wannan ita ce fim ɗin da ya fi kowanne kama da gaskiya a ido yana iya kasancewa wanda aka fi tace abin da zai faɗa. Ba ina cewa duk fim ɗin da ya sami irin wannan taimako ƙarya yake yi ba, kuma har yanzu ina ganin wancan fim ya nuna tsoro da jarumtar waɗanda aka ritsa da su da gaskiya. Abin da nake cewa shi ne mai sharhin da ya ƙare binciken gaskiya a kan maɓallin riga ya bar babban aikin bai taɓa ba.

Na koyi wani abu kuma game da musun kansa. A da nakan shiga muhawara da abin da na tsinta a wani wuri, in faɗe shi da ƙarfin murya kamar na gani da idona. Baba yana da wata ɗabi'a da na ɗauka daga gare shi: yakan raba abin da ya gani da abin da aka ba shi labari, kuma in an tambaye shi game da jirgin sama ko na ruwa yakan ce wannan ba fanninsa ba ne, shi sojan ƙasa ne. Ko a cikin fanninsa yakan ce rundunoni sun bambanta, zamani ma ya bambanta, abin da aka hana a wata runduna ana yinsa a wata. Sau da yawa abin da muke kira kuskure ya faru da gaske, domin mutanen da ke cikin firgici suna manta horo, suna cunkushewa, suna harbi ba saiti. Littafin horo yana faɗin yadda ya kamata a yi ne, kuma wanda bai san komai ba sai littafin yakan ƙaryata abin da ya auku saboda bai yi kama da abin da ya karanta ba.

Na taɓa tambayarsa abin da finafinai suka fi ɓoyewa. Na ɗauka zai ambaci wani makami, sai ya ce jira. Ya ce yawancin rayuwar soja zama ne da gadi da ɗaukar kaya masu nauyi da rashin barci, faɗan kuma in ya zo yakan wuce cikin mintuna, mutum bai ma ga wanda ke harbinsa ba. Sai kuma rauni. A fim ana harbin jarumi a kafaɗa ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da gudu, alhali akwai manyan jijiyoyin jini a wurin, kuma zubar jini ita ce kan gaba a cikin mace-macen fagen fama da za a iya hanawa, shi ya sa ake koya wa soja ɗaure hannu ko ƙafa da ɗamara mai tsayar da jini cikin gaggawa. Ya ce wannan ne kuskuren da yake jin zafinsa, domin yaran da ke kallo suna tashi da tunanin cewa harsashi abu ne da namiji yake shanyewa ya wuce, kuma ya san abokan aikinsa da suka shafe shekaru suna jinya.

Na sake rubuta sharhin daga farko. Daga cikin kurakurai sama da ashirin, huɗu kawai na bari, biyu saboda sun karya dokar da labarin ya kafa wa kansa, biyu saboda sun sauƙaƙa abin da harsashi yake yi wa jikin mutum. Sauran shafukan na ba da su ga tambayar da ban yi ba a karon farko, wato su wane ne aka ba suna da fuska a fim ɗin, su wane ne kuma aka bari a matsayin inuwa a bayan jarumi. Kafin in miƙa wa Malam, na kai wa Baba ya karanta, ya gyara mini wuri ɗaya inda na rubuta muƙamin wani hafsa ba daidai ba, ya ce sauran in bar su yadda suke.