Hudar mai da ban sake lissafawa ba

A makon nan nake barin sashen zanen injina, kuma cikin dukan ayyukan da na sa wa hannu, wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wani shaf mai kogo, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin inji, wanda ya tsage kafin ya cika shekara yana aiki.

Lissafina na farko ba shi da aibu. Kaurin shaf ɗin milimita 80 ne, kogon cikinsa 60, saboda haka nauyinsa ya ragu da kusan kashi 56 cikin 100, alhali ƙarfinsa na jure murɗa bai ragu da fiye da kashi 32 ba, domin ƙarfen tsakiya ɗan kaɗan yake ɗauka daga wahalar murɗa. Bayan na gama, shugaban sashenmu ya ce a huda gefensa don mai ya riƙa wucewa, ya faɗa da baki, ni kuma na ƙara hudar a zane ban koma kan lissafi ba, don a ganina ƙaramar huda ce.

Ƙanƙantarta ba ta cece mu ba. Tun 1898 wani injiniyan Jamus mai suna Kirsch ya nuna cewa zagayayyar huda a farantin da ake ja tana ninka matsi sau 3 a bakinta, kuma a bututu mai siririn bango da ake murɗawa ninkin yakan kai 4, a kusurwar digiri 45 daga tsawon shaf ɗin. A daidai wannan kusurwa tsagar ta bi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne daga bakin hudar na ciki ta fara, inda matsin ya kai kashi uku cikin huɗu na wanda ke waje, inda kuma kaifin da abin huji ya bari yake nan yadda yake, tun da ban rubuta a goge shi ba. Gajiyar ƙarfe, wato raunin da maimaita matsi ke jawowa, ta ƙarasa sauran.

A taron bincike shugaban nan ya ce bai tuna ya ba da umarnin ba, sunana ne kuma a kan zanen. Ban musa ba, ko da yake har yau ina jin abin.

Sauran darussan gajeru ne. Kafin a ɗauki Kt, wato adadin ninkin matsi, daga jadawalin littafin Peterson, a duba ko da cikakken kauri aka auna matsin asali ko bayan cire hudar, kuma kada a ɗora wa shaf mai kogo alƙaluman wanda ba shi da kogo. Kafaɗa, wato inda kaurin shaf yake canzawa, idan mai kaifi ce takan kai ninkin 2.2 a murɗa, mai lanƙwasa sosai kuwa wajen 1.5. Duk gyaran da aka faɗa da baki, a nemi a rubuta shi.

Shaf ɗin da ya maye gurbinsa ni na zana shi, da gogaggiyar huda ciki da waje, kuma har yanzu yana juyawa.