Godiya bayan kwana tara a asibiti

Alhamdulillahi, jiya da yamma aka sallamo mu. Yau ce ranar farko cikin kwana tara da na yi barci a kan gadona har rana ta fito. 'Yata, wadda ta ji ciwo a ƙafa wajen aikin yashe magudanar ruwa da 'yan ajinsu suke yi a unguwa, tana samun sauƙi, tana dogara sanda zuwa bakin ƙofa, sai mako mai zuwa za a cire ɗinkin. Kun riga kun san yadda abin ya faru, ba zan maimaita ba, zuciyata ma ba za ta ɗauka ba. Waɗanda suka kira ban ɗaga ba ku yafe mini, wayar tana hannuna, bakin ne ya ƙi buɗuwa.

Abu ɗaya ya ƙi barin idona. Da na isa ƙofar asibiti, motar da ta ɗauko ta ta riga ni da kaɗan. Na leƙa sai na ga wani yaro ɗan ajinsu, bai wuce shekara 15 ba, durƙushe daga shi sai singileti. Ya cire rigar makarantarsa ya danne ƙafarta da hannu biyu, wata ƙawarta kuma ta ɗaga ƙafar ta ɗora a kafaɗarta. Na kai hannu zan ɗaga rigar in ga ciwon, yaron nan ya ce, murya na rawa, "Mama, don Allah kar ki ɗaga, jinin zai dawo sabo." Rigar ta jiƙe sharkaf, amma bai cire ta ba, ɗankwalin wata ya ƙara a kai ya ci gaba da dannewa. Tun daga bakin magudanar har asibiti bai saki ba, sai da ma'aikaciyar jinya ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya domin sun ƙage. Ni uwa ina tsaye ina kuka, ɗan wani yana riƙe da ran 'yata. Ɗana, Allah Ya yi maka albarka, Ya saka wa iyayen da suka raine ka da Aljanna, Ya sa kada ka taɓa neman taimako ka rasa.

Daga baya na gane ba dace ba ne. Yaran nan su suka tsara aikin da kansu. Mako uku suna zagaya unguwa da littafi suna rubuta duk inda ruwa ke kwanciya, suna ɗebo shi a kwalba suna ƙirga 'ya'yan sauro. A darasin kimiyya suka koyi cewa daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kimanin kwana 10 ne, shi ya sa suka tsai da yashe magudanar duk mako, kafin sabon zubi ya yi fiffike. Su suka rubuta wa dattawan unguwa takarda, su suka raba kansu rukuni-rukuni. Malamarsu kuma ta ƙi sa hannu sai da suka zauna suka rubuta haɗarin da ke cikin aikin, da wanda zai yi me idan wani ya ji ciwo. A wannan takardar aka rubuta sunan yaron nan a gaban taimakon gaggawa.

Malama, na san ba ki son a ambace ki, amma sai na yi. Kwana uku kika yi a kan benci kina ba ni haƙuri kan laifin da ba naki ba. Ke kika tuna wa kowa a tambayi allurar tatanus, aka duba aka ga ta haura shekara 5 rabonta da ita, aka yi mata nan take. Malamin lissafi da ya ba da jini leda ɗaya ya koma aji washegari, Baba mai gadin makaranta da ya tare motar a tsakiyar titi, da direban da ko sunansa ban sani ba, Allah Ya biya ku, Ya rufa muku asiri duniya da lahira. Da 'yan ajin da suka yi layi za su ba da jini aka mai da su saboda ƙarancin shekaru, suka koma suna share hawaye, Allah Ya raya ku, Ya ba ku ilimi mai amfani, Ya kare ku daga duk abin ƙi.

Akwai na jini da labari ya kai musu tun daren farko, har yau ko saƙo ban gani ba. Wata kuma da ta kira, abin da ta fara cewa shi ne me ya kai ɗiya mace cikin kwata. Na bar wa Allah, wataƙila uzuri ne ya riƙe su.

Masu ba ni shawarar in cire ta daga aikin, na gode da kulawa, amma ba zan cire ta ba. Abin da na roƙi makaranta shi ne kada yaro ya sake shiga magudana sai da takalmin roba mai kaurin ƙasa da safar hannu, an kuma amsa mini. Ita kuwa tun a gadon asibiti take tambayar ko an yi ƙirgan wannan makon. An yi, ƙawayenta sun kawo mata littafin ta duba. Rigar yaron tana wurina, na wanke ta sau uku tabon bai fita ba. Na ɗinka masa sabuwa, ranar Litinin zan kai masa da hannuna.