Mako na shida: shafin da ya yi wa ɗan aikena ƙarya

'Yan uwa masu koyo, ya muka ji da sanyi? Nan Jos da asuba sai na hura yatsuna kafin su yarda su taɓa kwamfuta. Na dai cika alkawari, na zauna da ƙaramar manhajar nan da na tsinta a GitHub, dandalin da masu rubuta manhaja suke ajiye ayyukansu, wadda aka ce tana gano kurakuran shafin intanet ta sanar da ɗan aiken ƙirƙirarriyar basira. Sunanta zan bar shi a cikina, mai ita kyauta ya yi wa jama'a. Kuma takardar bayaninta ce na sa a sikeli.

Ga wanda ya tarar da mu a tsakiyar hanya: ɗan aiken shi ne manhajar da za ka ce ta buɗe burauza, ta shiga shafi, ta cike fom, ta dawo maka da amsa. Halinsa ɗaya da yaron da ka aika Farin Gada sayen tumatir, ya tarar da rumfa a rufe, ya dawo yana murmushi ya ce an gama. Aikin wannan manhaja shi ne ta ja masa riga ta ce rumfar fa a rufe take.

Na ari kwamfutar ƙanwata, wadda ba komai cikinta sai Python, yaren rubuta manhaja, na bi takardar layi bayan layi kamar baƙon da aka yi wa kwatance, ko harafi ban ƙara daga kaina ba. A umarni na uku na yi tuntuɓe. Manhajar a kan Playwright na kamfanin Microsoft, wani kayan aiki mai sarrafa burauza, take tafiya, shi kuwa bayan an ɗora shi sai an sake ba da umarni daban ya sauko da burauzar da zai yi aiki da ita. Takardar ba ta faɗa ba, ta ɗauka kowa ya sani. Da na gano na sauko da burauzar Chromium, datata ta ji a jikinta.

Jadawalin lambobin kuskure ya yi kyau a ido: 403 an hana ka shiga, 404 babu shafin, 429 ka cika naci, 500 sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ta rikice, 503 ba ta da halin amsa maka yanzu. To sai me ɗan aike zai yi? Shiru. Ai 404 da 429 ba maganinsu ɗaya ba. Na farko haƙuri za ka yi ka nemi wata hanya, na biyu jira za ka yi, wani lokaci ma sabar kan aiko da Retry-After ta faɗi daƙiƙa nawa. Ɗan aiken da ba a gaya masa haka ba zai yi ta buga ƙofa har a toshe shi.

Inda na fi daɗewa shi ne lamba 200, wato lafiya lau. Na haɗa shafi a kwamfutar, na sa ya riƙa mayar da 200 alhali a fuskarsa an rubuta "ba a samu abin da kake nema ba". Manhajar ta ce babu matsala. Na haɗa wani da JavaScript ɗinsa, wato umarnin da ke motsa shafi, ya karye, fari fat, in ka danna maɓallin F12 mai nuna cikin shafi ga jan rubutun kurakurai nan birjik. Wannan kam ta kama shi, madalla. Abin da ya ɓata min rai, takardar ba ta ce uffan kan ko ɗaya ba, sai da na ɓata yamma guda kafin na san iyakar ganinta. Da layi biyu sun wadatar.

Daniele Procida, mai tsarin Diátaxis, ya kasa takardun bayani gida huɗu: darasi, yadda ake yin abu, kundin dubawa, da fayyace dalili. Wannan tana da na farko da rabin na uku. Sai dai akwai mai karatu na biyu da na kusa mantawa da shi. A tsarin MCP na haɗa ɗan aike da kayan aikinsa, wanda kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024, ɗan aiken da kansa yake karanta sunan kayan aiki da bayaninsa kafin ya yanke ko zai yi amfani da shi. Bayanin wannan manhaja kalmomi huɗu ne kacal. Na faɗaɗa shi a kwafina, na rubuta abin da take gani da abin da ke wuce ta, sai ga ɗan aikena ya fara karanta rubutun shafi da kansa ko da an ce masa 200.

Gyaran nan zan tura wa mai ita bayan sallar Juma'a. Duk a Linux na gwada, don haka in akwai mai Windows a wajen Bauchi Road ko Unguwar Rogo, mu haɗu Asabar da hantsi mu sake bin takardar daga farko. Shayi na wuyana.